HANGEN DALA BA SHIGA BIRNI BA: Sharhi A Kan Wani Labarin Tafiya Zuwa Kuala Lumpur

A wani zama da reshen ƙungiyarmu ya yi a Birnin Kudu, wani ƙanenmu, malamin makaranta daga ƙasar Gwaram, ya karanta mana babi biyu daga cikin littafin da yake shirin bugawa. Littafin labarin tafiyarsa ne zuwa Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar Malesiya, inda ya je neman digiri na biyu a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, a gefen birnin. Da aka tashi sai ya damƙa mana rubutun gaba ɗayansa, ya ce mu duba masa, mu kuma faɗi abin da muka gani ba tare da nuƙu-nuƙu ba, ko da a shafin mujalla ne. Sharaɗinsa ɗaya, a sakaya sunansa har littafin ya fito. Mun yarda. Abin da ya sa muka kawo maganar nan maimakon mu yi ta a zaure mu biyu shi ne, larurar da muka samu a jikin rubutun ba tasa ce shi kaɗai ba. Duk wanda ya taɓa zama a majalisa a Birnin Kudu ko Gwaram ranar da wani ya dawo daga ƙetare yana ba da labari, to ya san ta.

Da farko dai wajibi ne mu yaba masa, domin ya ɗauki alƙalami a fagen da ya daɗe babu masu noma shi. A shekarun 1990 mun ƙarar da tawada mai yawa wajen jayayya a kan Adabin Kasuwar Kano, a daidai lokacin da 'yan kasuwarmu na Kantin Kwari da sauran kasuwanni suke ta zirga-zirga zuwa Bankok da Jakarta suna saro riguna da takalma da yadi. Sun dawo da diloli, amma ba mu ga sun dawo da shafuka ba. Daga baya kuma ɗalibai da malaman manyan makarantunmu suka yi ta tururuwa zuwa jami'o'in Malesiya, su ma abin da suka rubuta kundin digiri ne da Turanci, yana can a kan kanta yana shan ƙura. Mahaifiyar da ta yi shekara biyu ko uku tana jiran ɗanta ba ta san ko wane irin gari ya zauna ba, in ban da hotonsa a gindin dogon bene. Saboda haka mutumin da ya zauna ya rubuta wa wannan uwa labarin da harshen da take ji, ya cancanci a karanta shi da idon basira, a kuma gaya masa gaskiya.

Babi na farko da na biyu, waɗanda ya karanta mana a zaman, su ne gwanin rubutun, kuma marubucin ya san haka, shi ya sa ya zaɓe su. A nan ne ya kwashe kwanakinsa na farko a birnin ya zuba a takarda tun suna da ɗuminsu. Ya faɗi yadda iskar garin ta tare shi da ya fito daga filin jirgin sama na Sepang, zafi mai laima irin wanda muke sha a ƙarshen bazara idan hadari ya haɗu ya ƙi zubarwa, sai dai can haka yake shekara da shekara. Ya faɗi yadda ya nufi ƙofar direba zai shiga, domin su a hannun hagu suke tuƙi, abin da mu muka bari tun 1972, kafin a haife shi. A kan hanyar shiga gari, tafiyar kusan kilomita 50, ya ga itatuwa a jere gabas da yamma iya ganinsa, ya ɗauka dabino ne, har ya fara lissafin cewa mutanen nan sun fi Dutse dabino, sai da direban ya fahimtar da shi cewa kwakwar manja ce. Wannan kuskure ya fi mana duk wani bayani na masana da ya biyo baya daɗi, domin a cikinsa muka ga mutumin da ke kallon, muka kuma san daga inda ya fito.

Haka ya ci gaba. Ya lura da masu babura da ke sa rigar sanyinsu gaba a baya saboda iska da ƙura. Ya lura ruwan sama yakan sauko da yamma kamar da alkawari, ya tsaya, gari ya ci gaba da harkarsa, babu wanda ya fita duba gona. Ya kira mahaifiyarsa bayan ya idar da Azahar, ya same ta a kan dadduma ba ta daɗe da sallame Asuba ba, domin agogonsu yana gaban namu da awa 7, tsohuwar kuwa ta ƙi yarda, ta ce wasa yake mata. Da dare ya zauna a rumfar wani Ba'indiye Musulmi mai sayar da shayi, ya ga yana ɗaga kofi sama yana tsiyayo shayin cikin wani kofin har ya yi kumfa, daidai yadda mai shayin tashar Birnin Kudu yake yi, ya ce a nan ne ya fara jin hankalinsa ya kwanta. Da safe aka kawo masa shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, an ƙunshe ta a ganyen ayaba, da ƙananan kifi da yaji da ƙwai, a gefe kuma ga soyayyar gyaɗa. Ya tsaya a kan gyaɗar nan sakin layi guda, yana mamakin yadda abin da yara ke talla a faranti a garinsu ya zama mahaɗin abincin da ƙasa guda ke alfahari da shi.

Amma wurin da ya fi burge mu shi ne masallaci. Mutanen Malesiya mabiya mazhabar Shafi'iyya ne, liman yakan yi alƙunutun Asuba a bayyane bayan ɗagowa daga ruku'u, jama'a na tsaye sun ɗaga hannu suna amin. Ɗan'uwanmu kuwa, wanda ya tashi a kan Malikiyya, da aka ɗago daga ruku'un raka'a ta biyu sai ya zarce sujada shi kaɗai, ya kai goshi ƙasa, ya ji shiru babu wanda ya biyo shi. Ya ba da labarin kunyar da ya ji ba tare da ya kare kansa ba, ba tare da ya zargi kowa ba. A wannan babin ne kuma ya gano cewa sunayen ranakunsu 'yan'uwan namu ne, Isnin da Selasa da Rabu da Khamis da Jumaat da Sabtu da Ahad, ya kuma ga rubutun Jawi a allunan tituna da na masallatai, wato harshen Malay da haruffan Larabci, tamkar ajaminmu, har ya tsaya yana haɗa baƙi kamar ɗan makarantar allo. Da aka karanta wannan wuri a zaman Birnin Kudu, ɗakin ya yi tsit, sannan aka fashe da dariya, sannan wani dattijo a cikinmu ya ce a maimaita.

Irin wannan ido muna da shi a tarihin adabinmu tun da daɗewa. Dorugu, yaron nan ɗan ƙasar Damagaram da aka kama bauta, aka 'yanta shi a Kukawa, ya bi Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya ƙetare Sahara har ya isa Landan a 1855, ya ba da labarinsa da Hausa ga J.F. Schön, aka buga shi cikin Magána Hausa a 1885. Abin da ya raya labarin Dorugu har yau shi ne bai je da wa'azi a aljihu ba. Ya kalli yadda Turawa ke zama cin abinci da yadda suke sa tufafi, ya faɗa yadda ya gani, da ma'aunin yaron da ya tashi a ƙasar Hausa. Bai san zai burge kowa ba. Marubucinmu na Gwaram a babinsa biyu na farko jikan Dorugu ne, ko ya karanta shi ko bai karanta ba.

Sai dai kash, daga babi na uku labari ya sha bamban. A nan ne abokansa suka kai shi ganin tagwayen benayen Petronas, masu hawa 88 da tsawon mita 452, waɗanda suka riƙe kambin benen da ya fi kowane tsawo a duniya daga 1998 zuwa 2004. Tun daga lokacin da ya ɗaga kai ya kalli benayen nan, sai muka nemi mutumin da ya ɗauki kwakwa a matsayin dabino muka rasa. Wani ne daban ya karɓi alƙalamin, mai jawabi, mai yatsa a sama. Kowane abu ya gani sai ya zame masa tsani na hawa mumbari. Ya ga jirgin ƙasa, sai shafi biyu a kan lalacewar namu. Ya ga wuta ba ta ɗaukewa, sai shafi uku. Ba mu ce ƙarya ya yi ba, wanda duk ya kwana a Gwaram cikin zafin Afrilu babu lantarki ya san ba ƙarya ba ne. Abin da muke cewa shi ne, mai karatu ya san wannan tun kafin ya buɗe littafin, ba sai an je Asiya an dawo za a gaya masa ba. Abin da bai sani ba shi ne yadda cikin jirgin yake, su wa ke ciki, me suke yi da hannuwansu, nawa ake biya, ina masu sharar tashar suke kwana. Wannan kuwa marubucin ya bar shi a can bai taho da shi ba.

A cikin wannan babi ne ya kawo labarin nan da kowa ya haddace, wai Malesiya ta zo Nijeriya a shekarun 1960 ta roƙi irin kwakwar manja, ta tafi da shi, ga shi yau ta wuce mu. Mun ji wannan labari a bakin 'yan siyasa, mun karanta shi a jaridu, mun ji shi a wajen walimar saukar karatu. Ya kamata marubuci ya bincika kafin ya sa shi a littafi, domin littafi yakan daɗe fiye da jawabi. Gaskiya ne asalin itacen na Afirka ta Yamma ne. Amma ya isa wancan yanki tun 1848, lokacin da Turawan Holan suka dasa tsiro 4 a lambun Bogor da ke tsibirin Jawa. An fara noma shi don kasuwa a Sumatra a 1911, a ƙasar Malaya kuma a 1917, a gonar Tennamaram da ke Selangor, jihar da ta kewaye Kuala Lumpur ɗin da marubucinmu ya zauna. Wanda ya kafa gonar ma, ga masu sha'awar irin wannan, marubuci ne, Bafaranshe mai suna Henri Fauconnier, wanda littafinsa a kan ƙasar ya ci babbar kyautar adabi ta Goncourt a 1930. Wato shekara 43 kafin Nijeriya ta sami 'yanci ana noman kwakwa a can. Inda labarin ya samo 'yar gaskiyarsa shi ne, masu bincikensu sun zo nan a 1973 sun tattara iri tare da cibiyar binciken kwakwa ta NIFOR da ke kusa da Benin don inganta wanda suke da shi, kamar yadda suka ɗauko wani ɗan ƙwaro mai barbarar furen kwakwa daga Kamaru a 1981. Abin da ya ɗaga su shi ne tsari, musamman hukumar FELDA da aka kafa a 1956, wadda ta riƙa zaunar da talakawa marasa gona a sababbin filaye, ta ba su iri da bashi da wurin sayarwa. Da marubucin ya ba mu labarin ƙauye ɗaya na FELDA, da manomin Gwaram ya sami abin tunani. Labarin roƙon iri kuwa abin da yake koya wa mutum kawai shi ne an cuce mu, mu zauna mu yi tsaki.

Akwai kuma wani abu a nan da ya fi kuskuren tarihi damunmu. Kukan kwakwar manja kukan aro ne a bakin mutumin Gwaram, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Kakansa bai taɓa noma kwakwa ba. Abin da kakansa ya noma ya kai kan sikeli gyaɗa ce, wadda aka riƙa tara buhunanta dala-dala a Kano, har farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 da kuɗin man fetur suka haɗu suka rushe harkar. Mutumin da ya tsaya sakin layi guda a kan soyayyar gyaɗa a gefen shinkafa, shi ne ya fi kowa cancantar ya bi wannan zare, ya tambayi kansa ina gyaɗarsu ta tafi, me riɗi da zoɓon da ake lodi yau daga kasuwannin Jigawa irin su Sara suke zama idan sun isa inda za su. Ya riƙe bakin zaren a babi na biyu, ya sake shi a na uku, ya ɗauki na marubutan jaridun Ikko.

Haka nan maganar da ya yi ta nanatawa, cewa su shugabanninsu ba sa taɓa dukiyar jama'a. Wannan magana ce ta wanda ya hangi Dala daga nesa. A 2020 kotu ta sami tsohon Firayim Ministan ƙasar, Najib Razak, da laifi a shari'ar da ta shafi kuɗin asusun 1MDB, aka kai shi gidan yari a 2022, kuma masu binciken Amurka sun ce abin da aka wawure daga asusun ya haura dala biliyan 4.5. Idan akwai darasi a nan, to a wajen ɗaurin yake, kuma darasi ne da ya fi wanda marubucin ya kawo nauyi. Haka kuma ya zana mana Malay da Sinawa da Indiyawa tamkar 'ya'yan ɗaki ɗaya, bai ambaci rikicin ƙabilanci na 13 ga Mayu 1969 ba, wanda aka zubar da jini a titunan wannan birni, wanda kuma daga gare shi ne aka fito da manufar fifita 'yan ƙabilar Malay a harkar karatu da aiki da kasuwanci daga 1971, manufar da ake ta muhawara a kanta tun daga lokacin. Mu da muka san abin da rikicin ƙabilanci da rabon gurabe suke nufi, wannan ne babin da za mu karanta mu ƙara karantawa.

Za a iya ce mana ai magabata ma sun yi wa'azi a labaran tafiyarsu. Haka ne. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, aka buga a 1944. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama a kan tafiyarsa Turai. Dukansu biyu malamai ne masu son gyara, kuma ba su ɓoye ba. Amma Imam editan Gaskiya Ta Fi Kwabo ne da ya san koke-koken Arewa ɗaya bayan ɗaya, har ya zauna da Lugga a Ingila ya zayyana masa su. Malam Aminu kuwa kowa ya san abin da ya yi da abin da ya gano. Mutane ne da suka san takamaiman abin da suke so a canza, da wanda zai canza shi. Wa'azin marubucinmu bai da adireshi. “Shugabanni” kawai yake cewa, kalmar da kowa zai gyaɗa mata kai, har shugabannin.

Ga misalin abin da muke nufi. A layi ɗaya tak ya ambaci Tabung Haji, asusun adashin aikin Hajji da Malesiya ta kafa a 1963 bisa shawarar masanin tattalin arziki Ungku Aziz. Dalilin kafa shi kuwa shi ne an lura manoman ƙauye suna ɓoye kuɗi a cikin matashi ko su sayar da gona da dabba don su sauke farali, su dawo babu abin yi. Sai aka buɗe musu inda za su riƙa zuba kaɗan-kaɗan, a juya kuɗin a harkokin halal, a ba su riba, idan lokaci ya yi su tafi. Shin akwai wanda ya karanta wannan bai tuna da wani alhaji a ƙauyensu da ya sayar da shanun huɗa ya tafi Makka ba? Hukumar alhazai ta ƙasarmu sai a 2020 ta ƙaddamar da irin wannan tsari. Nan ne kwatanci yake da amfani, domin matsalar iri ɗaya ce, mutanen ma kusan iri ɗaya ne, manoma Musulmi masu burin ganin Ka'aba. Marubucin ya wuce ta a guje don ya koma kan benaye.

Wani gurbin da ya ba mu mamaki shi ne Kogon Batu, wanda bai da nisa da jami'arsa. Dutse ne mai manyan koguna, da wurin bautar mabiya addinin Hindu a ciki, ana hawa matattakala 272 kafin a shiga. Ya ce abokansa sun kai shi, ya ga birai da cincirindon baƙi, ya dawo. Shi ke nan. Wannan fa mutum ne da ya yi karatun sakandare a Birnin Kudu, a gindin Dutsen Mesa da Dutsen Habude, inda mutanen da suka gabace mu suka zana shanu a jikin dutse, zanen da masana suka bayyana wa duniya a shekarun 1950, ga kuma duwatsun da ake bugawa su yi amo kamar ƙararrawa. Ba mu nemi ya yi mana kukan rashin masu yawon buɗe ido ba, wannan ma wani wa'azin ne. Mun so ne ya tsaya a bakin kogon can ya ji abin da ɗan Birnin Kudu zai ji, wanda Bature ko Bajafane ba zai ji ba.

Yanzu sai magana mafi nauyi, wadda muka yi shawara da shi kafin mu rubuta ta. Bayan an tashi daga zaman, muna shan shayi, ya ba mu labarin yadda ya sha wahalar neman ɗaki, yadda ake amsa masa a waya da fara'a, idan ya je aka ga fatarsa sai a ce an riga an bayar. Ya faɗi yadda kujerar da ke kusa da shi a jirgin ƙasa takan zauna babu kowa alhali mutane na tsaye, da yadda ya koyi kada ya fita ko nan da can ba tare da fasfonsa ba. Ya faɗi kuma yadda wani leburan gini ɗan Bangaladash, wanda ba su jin harshen juna sai na sallah, ya raba abincinsa da shi wata rana da kuɗinsa suka yanke. Muka tambaye shi ina waɗannan a cikin littafin? Ya yi shiru, sannan ya ce bai so mutanen gida su ji ya wulaƙanta, kuma bai so ya ɓata sunan ƙasar da ta ba shi ilmi.

Mun fahimci wannan kunya, tarbiyya ce. Wanda dangi suka haɗa masa guzuri, aka raka shi tasha da addu'a, ba ya son ya dawo ya ce an guje shi a mota. Amma littafin nan yara za su karanta shi a Gwaram da Basirka da Birnin Kudu, waɗansunsu kuma za su matsa wa iyayensu a sayar da gona a biya wa wani dillali kuɗin biza, saboda an nuna musu gari wanda babu ƙaya a cikinsa. Marubucin da ya ɓoye rabin abin da ya gani yana da hannu a cikin wannan ciniki. Ban da haka ma, ta fuskar adabi, leburan nan ɗan Bangaladash shi ne mutum na farko mai rai da muka haɗu da shi tun daga babi na uku, kuma a baki muka same shi, ba a takarda ba. Birnin da ke cikin rubutun cike yake da gilashi da ƙarfe da fitilu, amma idan aka cire mai shayi da direba, babu wanda ya buɗe baki ya yi magana a cikinsa.

Ta fuskar sarrafa harshe, Hausarsa mai kyau ce, ta gabashin Kano, kuma muna roƙon duk wanda zai tace masa kada ya goge wannan ƙamshi da sunan daidaitacciyar Hausa. Ya yi ƙoƙari wajen raɗa wa baƙin abubuwa suna, kamar matattakala mai tafiya da kanta, da jirgin ƙasa mai bin gada a saman titi. Inda ya gaza shi ne yawan fakewa da “abin sai wanda ya gani”. Mun fara ƙirga ta muka gaji. Wannan jimla a bakin mai hira ado ce, amma a alƙalamin mai labarin tafiya ajiye aiki ne, domin dalilin da ya sa muka sayi littafinsa shi ne ba mu gani ba. Alal misali, ɗan itacen nan durian, mai ƙaya a jiki, wanda ake hana shiga da shi otal-otal saboda warinsa amma mutanen ƙasar suke ƙaunarsa, marubucin ya ce wari gare shi, abin sai wanda ya ji. Ɗan gidan da ake daka daddawa ne fa yake faɗin haka, wanda ya fi kowa sanin yadda abu kan kori baƙo da wari ya kuma tara 'yan gida a kan akushi. Haka da ya ga rigunan batik da ma'aikata ke sawa, ya ce suna kama da atamfa, ya wuce, alhali atamfar da ke cikin lefen matarsa daga batik ɗin Jawa ta samo asali, Turawan Holan ne suka kwaikwaye shi da inji a ƙarni na 19 suka kawo shi kasuwannin Afirka ta Yamma.

Ko sunan birnin ma bai tambaya ba. Kuala Lumpur na nufin mahaɗar ruwa mai taɓo, inda kogin Gombak ya haɗu da na Klang, wurin da masu haƙar kuza suka yada zango a 1857, inda kuma Masallacin Jamek yake tsaye tun 1909. Gari ne da Birnin Kudu ta girme shi nesa ba kusa ba.

Mun mayar masa da rubutunsa da jan biro a gefen shafuka. Mun ba shi shawara ya bar babi na ɗaya da na biyu yadda suke, kada ya taɓa ko wasali. Ya cire labarin roƙon irin kwakwa, ya rage jawaban da ke babi na uku zuwa na ƙarshe, ya mayar da neman ɗaki da kujerar jirgi da leburan nan inda suka dace. Mun kuma roƙe shi babi ɗaya da babu shi a rubutun sam, wato ranar dawowarsa, daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano zuwa Wudil, zuwa Kwanar Huguma, zuwa Birnin Kudu, har motar ta sauke shi a Gwaram, da abin da idonsa ya fara sauka a kai bayan shekara biyu bai ga garin ba. Ya ce wannan babin zai fi sauran wuya, domin mutanen da ke cikinsa za su karanta shi. Ya yi mana alkawarin kawo shi zaman reshe na bayan girbi.